Hannun Auduga da Ƙwayoyin Kitse

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana shiga yadda ake so. Yaya ɗakin kwanan ɗalibai, yaya ciwon gwiwar da kika tafi da shi? Mu nan sai godiya. Babba da Auta suna gaishe ki, suna kuma kai ƙarata cewa taliyata kullum caɓewa take yi.

Kin ce a waya ba na iya faɗin komai sai lafiya lau, saboda haka in riƙa rubuto miki a takarda tsawon wata huɗun da za ki yi a kwas ɗin ungozoma. To ga ni na kori yara daga teburin cin abinci na zauna. Bari in fara da abin da na ɓoye miki. Kin san na bar ɗakin gwajin jini na asibiti bayan shekara ashirin da ɗaya na koma ɗakin bincike na jami'a. Abin da ban gaya miki ba shi ne ɗaukar gwaji aka yi mini ta wata uku. In shugabar ɗakin ta sa hannu a takardata, na zama ma'aikacin dindindin. In ba ta sa ba, na tashi ba tsuntsu ba tarko, don kujerata ta asibiti an riga an ba wani. Na yi shiru ne don kada ki tafi da damuwa. Ki yi faɗan a amsarki, na shirya kunnena.

Dakta muke ce wa shugabar. Da ƙyar in ta girmi ƙanwarki, tafiya take yi kamar an biyo ta, amma kanta yana ja. Malam take ce mini. Sai kuma Goggo mai wankin kwalabe, wadda ta shekara talatin a wurin, ta ga zuwan shugabanni biyar da tafiyarsu, ba ta kuma tsoron ko ɗaya.

Yanzu ki zauna da kyau ki ji aikin mijinki: kiwon kitse nake yi. Ni da kike ce wa Tulu saboda tumbina, ni aka ɗora a kan wannan aiki, na san kuma yanzu haka kina dariya. Ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, muna renonsu a farantan roba masu ramuka shida, cikin wani ruwan abinci mai launin ja-ja, a akwatin ɗumi da aka daidaita da zafin jikin mutum. Tukuna ba su zama ƙwayoyin kitse ba, umarni suke jira.

Ga yadda Dakta ta bayyana mini umarnin. In mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa yana sakin wani sinadari, kotizol. Ko ba tashin hankali ma yakan hau da safe ya sauka da dare. Idan ya shiga ƙwayar, sai saƙo ya bi hannu zuwa hannu har can tsakiyarta, ya ce mata ta fara tara mai. Abin da Dakta take son ta tabbatar da idonta shi ne, yawan sinadarin ne ke juya ƙwayar, ko kuwa rashin yankewarsa. Don haka muka raba farantan gida biyu. Kashi ɗaya suna zaune cikin sinadarin dare da rana. Kashi na biyu ina zuba musu shi ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe bakwai na yamma in zuƙe shi, in wanke su da ruwan gishiri, in ba su sabon abinci su huta. Kwana huɗu ana haka, sannan a ci gaba da ciyar da su mako guda, a zuba musu jan rini da ba ya kama komai sai kitse. Zatonta masu hutun nan ba za su yi ƙiba ba.

Kada ki damu da ni. Kin manta sunan da iyayen yara suka sa mini a asibiti? Hannun Auduga, mai ɗibar jinin jariri bai farka daga barci ba. Wanda ya iya da jijiyar jariri ai faranti ba zai gagare shi ba.

Ki ci abinci, ki daina karatu a kwance. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Naki har kullum,
Tulu

Zuwa ga Maman yara,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya yi kewa. Ina fatan kina lafiya, jarrabawar tsakiya kuma ta zo da sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na karanta faɗan shafi biyu a tsaye kamar ɗan makaranta, na karɓi laifina. Yara lafiya lau. Babba ta karɓe girki daga hannuna ba tare da shawara ba, gidan kuma ya samu zaman lafiya.

Kin tambayi labarin 'yan kiwona. Akwai mai daɗi, akwai mai ɗaure kai.

Tun a makon farko na sha kunya. Takardar aikin da ke manne a bango ta ce a wanke sau uku, kowane karo a cika ramin. Na bi ta sak, na watsa ruwan da ƙarfina, da na leƙa madubin likita sai na ga ƙwayoyin sun ɓare daga gindin farantin suna yawo kamar yanar da ke kan dafaffiyar madara. Wallahi sai da na ji kamar jariri na murɗe wa hannu. Daga ranar na samo dabarata. Ina jingina bakin bututun a jikin bangon ramin, in saki ruwan ɗigo-ɗigo, kaɗan, sau ɗaya tak, in zuƙe a hankali. Tun daga nan ko ƙwaya ɗaya ba ta sake ɓarewa ba. Dakta ta leƙa ta ce tunda take ba ta taɓa ganin farantai masu kyau irin nawa ba, har ta ɗauki hotonsu. Ranar da ƙyar kaina ya shige ƙofar gida.

Mai ɗaure kan kuwa, sau biyu ke nan muna kai gwajin ƙarshe, sau biyu rini yana ba mu amsa iri ɗaya. Waɗanda ke cikin sinadarin dare da rana sun yi jajir, wannan dama an sa rai. Amma masu hutun ma jajir suka yi, kowace ƙwaya ta cika tim da ɗigon mai, ba ki iya bambance su da 'yan uwansu. Dakta ta tsaya ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallonsu. Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Da fari ta zargi kwalbar sinadarin, muka haɗa sabo. Sannan ta zargi akwatin ɗumi, aka kira mai gyara ya kwance shi ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya fi shi lafiya. Yanzu ƙwayoyin kansu take zargi, wai ko sun tsufa.

Tausayi take ba ni. Shekara biyu ta yi tana gina wannan aiki, ga shi tana cin biskit a tsaye a matsayin abincin rana. Goggo ta ce mata in ta ci gaba da haka ita za a fara zuba wa rinin. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta ji Dakta tana bayanin cewa ƙwayar kitsen da ta daɗe cikin tashin hankali takan yi kunnen ƙashi, insulin ya yi ta kiranta ta karɓi sukari daga jini ta ƙi ji, sai Goggo ta nuna cikina da buroshin wanki ta ce to ga babban faranti nan yana yawo a cikin farar riga, me ya hana a fara da shi. Dakta ta yi dariya, amma ta ja mana kunne cewa abin da ya faru a faranti ba lallai ne ya zama haka a jikin mutum ba, kada in je gida in fara wa'azi. Na ce mata matata ba ta nan, ba ni da wanda zan yi wa.

Saura mako shida wa'adin gwajina na wata uku ya cika. Ni dai ta ɓangarena hankalina kwance yake, tunda aikin hannuna ba wanda ya kushe shi. Ki taya Dakta da addu'a. Auta ta ce in tuna miki alkawarin takalmi.

Mijinki mai kewarki,
Tulu

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum, da fatan wannan takarda ta same ki cikin lafiya da kwanciyar hankali. Yaya karatu, yaya zagayen ɗakin haihuwa? Mu lafiya lau, yara suna makaranta.

Maman yara, ni ne. Ɓarawon da muka yi mako bakwai muna nema, ni ne.

Ranar Litinin da hantsi na shiga ɗakin wanki neman kofina, na tarar da Goggo ta ɗaga kwalbar ruwan gishirina tana karkaɗawa. Ta ce tana son ta yaba mini, tunda take a ɗakin nan ba ta taɓa ganin mai tattali irina ba. Wanda na gada, in ji ta, duk mako sai ya kawo mata kwalba biyu babu komai ciki, ni kuwa kwalba ɗaya ta yi mini mako uku ga ta nan da saura. Ta tambaye ni ko da yawu nake wanke 'ya'yan nawa. Ta yi dariyarta ta koma bakin famfo.

Na koma na tsaya gaban takardar bango ina kallon inda aka rubuta sau uku, kamar yau na fara ganinta. Komai zuƙar da mutum ya yi, sai ɗan ruwa ya maƙale a gindin rami. Ba don ado aka ce sau uku ba, don a kore wannan ragowar ne. Ni da ɗigona guda ɗaya shafa ta kawai nake yi. Ashe masu hutun nan ba su taɓa hutawa ba, kullum da guntun sinadarin suke kwana. Garin gyaran gira na tsone ido.

Kwana biyu ina fama da kaina, ba zan ɓoye miki ba. Zuciya ta ce in yi shiru in gyara a ɓoye. Sabbin ƙwayoyin da Dakta ta aika a kawo suna hanya, in sun iso sai in wanke sau uku, gwaji ya yi kyau, kowa ya ce tsofaffin ne suka lalace, ba mai sani har abada. Saura mako uku a sa mini hannu. Na tuna shekaruna arba'in da bakwai, na tuna ba inda zan koma. Har Babba ta lura, ta ce Baba ka zuba gishiri a shayi kana kuma sha.

Ranar Laraba na wuce ta ƙofar ofishin Dakta, na hango ta tana goge allonta. Zanen nan ne da ta yi mini bayani da shi ranar da na fara aiki, layin da ke hawa da safe ya sauka da dare. Ta ce mini Malam, wataƙila tunanin ne daga tushe ba daidai ba, gara ta haƙura ta rubuta cewa hutu ba ya canza komai. Da murmushi ta faɗa, amma idonta ya yi ja. Nan na ga ba ƙwayoyi kaɗai na cuta ba. Baiwar Allah za ta rubuta wa duniya abin da ba haka yake ba saboda tausayina na banza.

Na shiga na rufe ƙofa, na faɗa mata komai tun daga ranar da suka ɓare. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce na karanta sau uku, na mayar da shi sau ɗaya da ra'ayin kaina, ban kuma rubuta a littafin aiki ba.

Sai ta jawo takarda ta yi lissafi, ta ce ko kashi ɗaya cikin ɗari na sinadarin ya rage, ya isa ƙwayar ta ci gaba da jin kira. Ta ce canza hanya ba laifi ba ne, rashin rubutawa shi ne laifi, a wannan ɗaki abin da ba a rubuta ba daidai yake da ƙarya. Ta ce mako bakwai na cinye mata. Na ce haka ne. Ban taɓa jin kunyar wanda na girma irin ta ranar ba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce na tsira ba. Ta ce a sake gwajin da tsofaffin ƙwayoyin nan da aka yi wa ƙazafi, amma layi uku: marasa hutu, masu wanki ɗaya irin nawa, da masu wanki uku. Ta tsaya a kaina ta nuna mini yadda ake karkata farantin a cika ramin ta gefe ba tare da sun ɓare ba, abin da da na tambaya tun farko da minti biyu ya ishe mu. Girman kai ne ya hana ni, wai ni tsohon hannu.

Rini zai faɗi ranar Alhamis ta sama, saura kwana huɗu gwajina ya cika. Maganar takardata ba ta tayar ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Tsoro nake ji, Maman yara, amma tun Laraba abinci yake wuce mini. Ki sa ni a addu'a, in za ki yi faɗa kuma ki bari sai bayan Alhamis.

Naki a kowane hali,
Tulu

Zuwa ga Maman yara, farin cikin gidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba za ta ɗauka ba, da fatan kina lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, shirin jarrabawar ƙarshe kuma yana tafiya. Yara lafiya, suna ƙirga kwanakin dawowarki a jikin kalanda. Na ga 'yar takardarki mai layi uku. Da kika ce ko an kore ni kin fi alfahari da ni yanzu fiye da ranar da aka ɗauke ni, sai da na fita baranda don kada yara su ga idona.

Na san kin ƙagu, amma ki bar ni in ba ki labarin a jere, na sha wahalarsa.

Kwana goma sha ɗayan nan na zama bawan agogo. Goggo ta naɗa kanta mai sa ido. Duk yammacin wanki sai ta ajiye jakarta a bakin ƙofa, ta leƙo ta gilashi tana ƙirga mini da yatsu, ɗaya, biyu, uku, ba ta tafiya sai ta ga na cike. Kwalba biyu na ƙarar a mako, na kai mata da hannu biyu, ta karɓa ta ce yanzu na zama mutum.

Ranar Alhamis da safe na zuba rinin, na jira lokacinsa, na ɗauraye. Na tsaya a kan farantan ina ta jan lokaci. Goggo ce ta ture ni ta ɗaga su wajen taga ɗaya bayan ɗaya. Ba a ma buƙaci madubi ba. Marasa hutu jajir. Masu wanki ɗaya irin nawa jajir, kamar yadda suka saba tona mini asiri. Masu wanki uku kuwa fes, sai 'yan ɗige-ɗige nan da can da za ki iya ƙirgawa. Da rana sinadari ɗaya suka sha da na layin tsakiya masu wanki ɗaya, awo ɗaya, lokaci ɗaya. Hutun gaske kaɗai ya raba su.

Dakta ta zauna gaban madubi ta fi rabin awa tana matsar da faranti tana ƙirgawa. Da ta ɗago sai ta ce sai an maimaita sau uku kafin ta yarda, amma bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce layin tsakiyar nan ma ba asara ba ne, ya nuna mata abin da ba ta yi niyyar tambaya ba, cewa ɗan guntun kiran da ba ya yankewa yana iya yin aikin babba. Goggo ta ce ashe shirme ma yana da ranarsa, in an zo rubuta sakamakon a sa sunanta a gaba tunda ita ta kama ɓarawo. Daga nan ta aike ni sayo lemo da kek, wai ladan mai gano laifi, muka ci a ɗakin shan shayi, Dakta ma ta zauna a kujera ta ci kamar kowa.

Jiya Litinin ta kira ni ofis. Ta buɗe aljihun tebur ta fito da takarda a yage gida biyu ta ajiye a gabana. Takardar tabbatar da ni ce, da sa hannunta, da kwanan watan Litinin ɗin da ta gabaci ranar da na je na tona kaina. Ta ce tun ranar ta sa hannu, don ba ta ga dalilin jira ba, farantaina sun fi na kowa kyau. Washegari da na fita daga ofishinta ta yaga ta. Sannan ta ɗauko sabuwa ta sa hannu a gabana, ta ce waccan don kyan faranti ta sa, wannan kuwa don yanzu ta san in abu ya lalace a ɗakin nan za ta ji daga bakina.

Na yi godiya kamar mutumin kirki, na fito, na sauka matakala hawa ɗaya, na zauna na yi kuka da farar rigata. Ki duba fa, Maman yara. Kwana biyun nan da na yi ina juyi ina zuba gishiri a shayi, aikin yana kwance a aljihun tebur, nawa ne. Da na yi shiru da tuni na daɗe da samunsa, ba wanda zai taɓa tambayata. Da na kawo takardar gida kin yi guɗa, yara sun yi tsalle, ni kuma in riƙa shiga ɗakin nan kowace safiya ina gaida matar da na bari ta goge allonta. Wannan da ke hannuna ta makara da mako uku, amma ina iya ajiye ta a gabanki in kalli idonki.

Ban nuna wa yara ba tukuna. Na sa ta a ambulan na ajiye a ƙarƙashin filonki, ke za ki fara buɗewa. Ki rubuto mini motar da za ki biyo da lokacin isowarta, in zo tasha da wuri.

Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki, ma'aikacin dindindin,
Tulu